Ciwon da Alhaji Ada Bai Faɗa a Gaban Surukinsa Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ciwon bawa ba ya ɓuya gare Shi ko bawan ya rufe baki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da mutanen gidansa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin jinyar wana ne, Alhaji Ada, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, Allah Ya haskaka kabarinsa. Ni na yi jinyarsa kusan shekara guda, daga wani azumi zuwa gab da na gaba, a farkon shekarun casa'in. Da ajami na fara rubuta shi, na ajiye cikin gafaka, sai yanzu na yarda a juya shi da boko don ya kai ga waɗanda ba su karanta namu ba. Ba don in tuhumi kowa na rubuta ba. Na san kwanansa ne ya ƙare. Amma akwai kuskuren da muka yi, mu da muka fi kowa son sa, kuma cikin ladabi muka yi shi, shi ya sa babu wanda ya gane kuskure ne sai da lokaci ya wuce.

Ƙauyenmu yana gabas da Malbaza. Alhaji manomin albasa ne kuma dillalinta, motocin da ke ɗauka daga wurinsa har Abijan suke kaiwa. Ya kai shekara sittin ko ya ɗan ɗara, amma shi kaɗai yake cicciɓar buhu ya aza a amalanke. Ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Muna samari kunama ta harbe shi a sahu, sai da liman ya sallame muka sani.

Shekarar nan azumi ya faɗo cikin bazara, daidai lokacin cire albasa. Ran goma ga wata, bayan azahar, muna garka, wato lambun albasarsa, ana lodi, ya sunkuya ya kama bakin buhu, sai muka ga ya sulale ƙasa. Kafin a kawo ruwa ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kada wanda ya jiƙa mini baki, ina azumi."

Kowa ya ce rana ce da ƙishirwa. Matarsa Hajiya Rabi ta yi masa jiƙo. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a gadon baya, ya nuna mana baƙin jinin da ya fita, ya ce shi ke nan an rabu. Wani maƙwabci ya jawo ni gefe ya ce in bincika, dillanci ba ya rasa maƙiya. Ni kuma na yi abin da na iya, na wanke allo na yi masa rubutu kwana bakwai.

A mako na biyu na lura da wani abu. Daga ƙofar gidansa zuwa masallacin Juma'a ba nisa, amma sau uku yake tsayawa. Ya tsaya wurin mai goro kamar zai saya. Ya tsaya bakin rijiya yana tambayar lafiyar mutanen da ya riga ya gaisa da su da safe. Ya tsaya gindin itacen bedi yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Wata Juma'a na ƙi wucewa, na tsaya kansa.

"Yaya, mi ke nan?"

Ya duba dama da hagu tukuna. "Malam, wani abu na danne ni nan," ya dafa tsakiyar ƙirji, "kamar an aza mini buhu. Shina bin hannun ga na hagu har muƙamuƙi. In na tsaya kaɗan sai shi sake ni." Sai ya kama hannuna. "Amana na ba ka. Ban so in ji ta bakin kowa."

Na ce to.

Alhaji yana da suruki, Usmanu, mijin ɗiyarsa ta fari Hadiza. Ma'aikacin jinya ne a Ƙonni, mutane na ce masa Majo. Yaro ne na kirki, ban ga irinsa da yawa ba. Shekara takwas da auren, shi da Alhaji ba su taɓa haɗa ido ba, balle kwano. In ya zo gaisuwa, daga bakin zaure yake durƙusawa, kansa a ƙasa, Alhaji kuma yana amsawa yana kallon bango. Sunansa ma ba ya kamawa, sai dai ya ce mutumen Ƙonni. Mu a wurinmu wannan shi ne mutunci, kuma duk ƙauyen ana yaba su a kai.

Da ya zo barka da salla ya ji labarin faɗuwar a cikin gida. Ni ya samu, ya ce, "Baba Malam, a roƙa mini Baba ya bari in saurari ƙirjinshi." Da ƙyar Alhaji ya yarda, kuma bai tuɓe riga ba. Ta saman riga Usmanu ya ɗora abin sauraren nan nasu, fuskarsa na kallon ƙofa. Na ga ya daɗe wuri ɗaya. Da muka fito ya ce mini akwai wata ƙara a zuciyar, kamar iska na kutsawa ta ƙuntataccen wuri, kuma wannan ya fi ƙarfin Ƙonni, sai Yamai.

Mako biyu bayan salla muka tafi mu uku. Alhaji a gaban mota, Usmanu can kujerar ƙarshe, ni a tsakiya ina kai saƙo tsakaninsu. Kwana uku muka yi muna bin layi a wani asibiti. Ranar farko takarda kawai muka samu. Rana ta biyu muka zauna a kan benci tun hantsi har la'asar, sannan aka ce likita ya tashi. Ban manta da wata Bazabarma mai sayar da kunu a bakin ƙofa ba. Ba ta jin Hausa, ba ma jin Zabarmanci, amma da ta ga yadda Alhaji ke numfashi sai ta ɗauko kujerarta ta ba shi, ita ta yini a tsaye. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Rana ta uku muka shiga. Likitan mutumin ƙasar Benin ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba, don haka Usmanu ne tafinta. Aka ce Alhaji ya tuɓe riga. Usmanu ya juya ya fuskanci bango. Likita ya shafa masa wani mai a ƙirji, ya ɗora wani ɗan ƙarfe, sai ga zuciyar tana motsi a cikin akwati kamar talabijin. Na yi tasbihi. Da ya gama ya zauna, ya ɗauki alƙalami, ya fara tambaya.

Ya yi magana mai tsawo. Ya dunƙule hannu ya danna a ƙirjinsa, ya ja shi ya gangara ta hannun hagu, sannan ya taka yatsu biyu a kan tebur kamar mutum na tafiya.

Usmanu, kansa a sunkuye, ya ce, "Baba, likita na gaishe ku. Shina tambayar ƙarhin jiki in kuna tahiya."

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. A ce mishi mun gode."

Likita bai gamsu ba, ya sake dunƙule hannun.

"Baba, wai ko akwai wurin da ke damunku?"

"Babu komi sai alheri. Tsufa ce kawai."

Ba na jin Faransanci, amma dunƙulallen hannun nan na gane shi sarai. Na buɗe baki. Alhaji ya ɗan juyo da ido wajena. Na tuna amana. Na kuma tuna ni ma surukin Usmanu ne, kuma in ƙaryata wana a gaban mijin ɗiyarsa, yana zaune ba riga, wannan tozarci ne da ba zai wanku ba. Na mayar da idona kan tasbaha. Likita ya rubuta wani abu gajere. Duka abin bai wuce numfashi uku ba.

Ga abin da ya yanke. Zuciya tana da ƙofa wadda jini ke fita ta cikinta zuwa jiki, ya kira ta balbu, kalmar ta zauna mini har yau. Ta Alhaji ta ƙandare ta ƙuntace. Wata rana dole a buɗe ƙirji a sa wata, kuma ba a yin wannan aiki a ƙasarmu. Amma tunda faɗuwar sau ɗaya ce, cikin azumi da rana, kuma mutum yana tafiyarsa ba ciwon ƙirji, akwai sauran lokaci. A dawo bayan wata shida. In kuwa ƙirji ya fara ciwo, ko ya sake faɗuwa, kada a kwana bakwai ba a zo ba. Abin da Usmanu ya gaya wa Alhaji shi ne, "Baba, ya ce a riƙa hutawa, in jiki ya motsa a komo." Ni ne ya gaya wa cikakken bayanin a waje, ya ƙara da cewa, "Baba Malam, ku ke kusa da shi. In kunka ga ya kama ƙirji, ku aiko mini."

Nan ma na ce to.

A mota Alhaji har da dariya. "Ka ji ko? Likita da kanshi ya ce babu gaggawa." Ni kuma na lallashi kaina da cewa ai akwatin nan ya ga zuciyar ƙuru-ƙuru, da akwai wani abu da ya nuna. Ban sani ba ashe akwai abin da akwatin ba ya gani, sai marar lafiya ya faɗa da bakinsa sannan a san a neme shi.

Damina ta sauka. Tsayuwa uku ta koma biyar. Bayan sallar layya ya daina zuwa Juma'a da ƙafa, ya ce jakin gida ya yi ƙiba, gara a riƙa motsa shi. Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba.

Wata ranar Talata, gero ya kai ƙugu, muna gona da hantsi mu biyu, sai na ga ya saki hauya ya dafa gawo. Zufa ta karyo masa kamar an kwara masa guga. Ya yi amai. Fuskarsa ta koma kalar toka. Wannan karon tsayawa ba ta sake shi ba. Na kwantar da shi a inuwa ina yi masa fifita da hula, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na ce bari in ruga bakin hanya in aika Ƙonni.

Ya riƙe mini riga. "In ka aika ban yahe ba."

"Yaya, mutuwa za ka yi!"

"To sai mi? Yaron da na ba ɗiya, in kwanta gabanshi ina nishi? Kuma ka san ƙarshenta. Su kwashe ni su kai wata ƙasa su tsaga, in mutu can, a rasa mai yi mini wanka."

Har azahar muna nan. Da abin ya lafa na ɗora shi a jaki muka koma, muka ce wa Hajiya Rabi zazzaɓin damina ne. Tun daga ranar bai koma daidai ba. Ƙafafu suka fara kumbura. Kwanciya ta gagara, sai a jingine yake barci. Aka kawo sassaƙe daga Illela, aka kawo wani mai na shafawa daga hayin iyaka, wata tsohuwa ta ce a yi masa sakiya a haƙarƙari, wannan kam na hana. Na sauke masa Alƙur'ani sau biyu. Wata shidan da likita ya ɗiba ya cika, Alhaji ya ce a bari a gama dashen albasa.

Wadda ta fasa maganar ita ce Kulu, taubashiyarmu, ɗiyar ƙanen mahaifiyarmu, da ke aure a Illela. Tsohuwa ce mai baki, kuma tsakaninta da Alhaji babu abin da ba a faɗa. Ta zo ta kwana biyu, Allah Ya sa ranar da za ta koma Usmanu ya zo gaisuwa. Yana durƙushe a bakin zaure, Alhaji na amsawa yana kallon bango, sai ga ta ta fito da ƙullin kayanta.

"Kai Majo, kana nan kana lahiya lau, lahiya lau? Wace lahiya? Bawan gidanmu ga shi nan shina mutuwa a zaune!"

Alhaji ya ce, "Kulu, kama hanyarki, mota na barinki."

"Ta bar ni! Jiya daga ɗaki zuwa bakin randa sau biyu ka tsaya kana dafe ƙirji kamar mai rantsuwa gaban alƙali. Ka ɗauka ban gani ba? Ragon maza, ciwo ma sai ka ɓoye shi kamar ka sato! Ɗaga wandon ya ga ƙahwar."

Wasa take yi, amma hawaye na zuba a fuskarta. Ranar na fara ganin Usmanu ya ɗaga ido ya dubi surukinsa. Ya taso ba tare da neman izini ba, ya janye ƙafar wandon, ya danna yatsa a ƙauri. Da ya ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya ce, "Baba, gobe muna tahiya." Alhaji bai yi musu ba. Ina jin shi ma ya gaji.

A Yamai likitan nan ya ɗaga murya har na waje suna leƙowa. Usmanu bai juya mana ko rabin abin da ya faɗa ba. Aka rubuta takarda zuwa wani asibitin zuciya a Abijan, aka ce mu jira amsa.

Mako biyar muka yi muna jira. Mako na farko neman fasfo, daga wannan ofis zuwa wancan. Na biyu aka sayar da bijimai biyu. Na uku injin ban ruwa ya bi su, da sauran albasar da ke cikin rudu, wato rumbun da muke ajiye ta. Na huɗu 'yan albasa na Malbaza da Ƙonni suka haɗa gudummawa suka kawo, wasu ma ban san su ba, har da wani dillali da aka taɓa ce mini maƙiyinsa ne. Na nemi gafarar Allah a kan zaton da na bari ya shige ni. A na biyar amsa ta zo. Usmanu ya nemi hutu bai samu ba, su biyu ne kacal a wurin aikinsu. Ni kaɗai na raka shi, cikin jirgin sama, ina riƙe da dosiye, wato ƙunshin takardun likita, a cikin rigata.

Wani ɗan garinmu mai sayar da albasa a can ya sauke mu, ya bar mana ɗakinsa ya koma shago. Iskar garin nauyi gare ta, kamar tururin tukunya, numfashin Alhaji ya ƙara wuya. A asibitin an karɓe mu da mutunci, ba zan ɓoye ba. Sai aka rasa tafinta. Aka je aka nemo wani dattijo mai tura keken marasa lafiya, Baba Salisu, haifaffen zangon Kumasi. Bai san mu ba, bai san ƙauyenmu ba, Hausarsa ma wata iri ce. Ya ja kujera ya zauna gaba da gaba da Alhaji, ya ce, "To Alhaji, ina ke maka ciwo? Nuna da hannu. Kar ka ce mini da sauƙi, masu sauƙi suna gida."

Alhaji ya dube shi, ya yi ɗan murmushi. Sai ya fara magana.

Wallahi ban san wana yana da wannan maganar a ciki ba. Ya ce ciwon ya fara ne tun shekara biyu kafin faɗuwar garka, a aikin hajji, tsakanin Safa da Marwa. Ya ce ya faɗi sau uku ban da wanda muka gani, ɗaya a cikin rudu shi kaɗai, ya farka kaji na tsallake shi. Ya faɗi yadda yake ƙirga taku daga ƙofa zuwa wurin mai goro. Ya faɗi yadda sujada ta koma masa abin tsoro, don in ya sunkuya ji yake kamar ba zai ɗago ba. Likitan, wani mai furfura, yana rubutu yana rubutu. Da aka zo kan ranar gona, zufa da amai tun hantsi har azahar, sai ya ajiye alƙalamin ya tambayi watan. Na faɗa. Ya ƙirga da yatsu, wata biyar.

Bayan kwana uku aka yi masa wani awo. Ta matsematsi suka zura siririn bututu har zuciya, suka ɗura wani ruwa suna ɗaukar hoto. Na zauna a baranda tun hantsi har la'asar sakaliya, ban iya ko karatu ba.

Washegari likita ya zana mana a takarda. Ya ce ban da ƙofar nan, akwai 'yan jijiyoyi uku da ke shayar da ita kanta zuciyar, ya kira su koroner. Biyu sun kusa toshewa. Ɗaya ta toshe gaba ɗaya tun ranar gona, kuma naman da take shayarwa ya mutu. Baba Salisu na neman yadda zai bayyana, Alhaji ya tare shi, ya ce, "Na gane. Fangalin da ruwa ya daina kai wa." Likita ya ce aikin biyu ne, kuma a buɗewa ɗaya ake yin su: a sauya ƙofar, a kuma ciro jijiya daga ƙafa a kewaye wuraren da suka toshe. In aka sauya ƙofa kaɗai, zuciyar da ba ta samun abinci za ta tsaya tun a kan tebur. In aka gyara jijiyoyi kaɗai, ƙofa na nan tana shaƙe ta. Yin duka biyun kuwa aiki ne mai tsawo, sai zuciyar da ke da sauran ƙarfi.

Suka ce za su ba shi magani su janye ruwan jiki su gani. Mako na farko kumburi ya saɓe, har ya taka zuwa taga, na yi sujadar godiya. Mako na biyu aka sake duba shi da akwatin nan. Likitoci uku suka shiga ɗaki suka daɗe. Da mai furfurar ya fito, ya ce ba ya ganin Alhaji zai tashi daga teburin, kuma shi ba zai ɗora wuƙa a kan mutum yana ganin haka ba.

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. Malam, nemo mana jirgi."

Ni ne na kasa haƙuri. Na bi likita baranda, na jawo Baba Salisu. Na ce a tambaye shi, da mun faɗi gaskiya tun zuwan Yamai na farko fa? Ya buɗe dosiye, ya ciro takardar awon farko, ya dube ta. Ya yi magana kaɗan. Baba Salisu ya ce, "Ya ce shi bai san gaibu ba. Amma da an kawo masa mutumin nan da zuciyar da ke cikin wannan takarda, da ya yi aikin." Ya dube ni ya ƙara, "Malam, haka ya faɗa. Ban rage ba, ban ƙara ba."

Kwana goma sha tara ya yi a gida. Muka jingina masa turmi da matasai a zaure, don ya ce yana so ya riƙa ganin masu wucewa. Abinci ba gishiri, shi ma loma biyu. Ni ke yi masa alwala, da ta gagara muka koma taimama. Usmanu na zuwa a babur bayan kowace kwana biyu ya yi masa allura. Hadiza ta tare a gidan, tana dafawa tana wanki, ba ta shiga zauren sai in ya yi barci, ta tsaya ta dube shi ta fita. Wata safiya ya ce mini, "Malam, na aza maka kayan da ba naka ba. Ka yahe mini." Na ce babu komai. Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana shida azumi, ya ce in ɗaga shi zaune sosai. Na ɗaga shi. Ya yi kalmar shahada sau biyu, ta ukun ni na ƙarasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na yi masa wanka, a ƙasarsa, cikin 'yan'uwansa, yadda ya so.

Ga abin da nake roƙon duk wanda wannan ya kai gare shi. In za ku kai babba wurin likita, kada tafinta ya zama surukinsa, ko ɗansa na fari, ko duk wanda yake jin nauyinsa, komai iliminsa. Ku nemo baƙo. In tsoho ya fara tsaye-tsaye a hanyar da ya saba bi kai tsaye, ku tambaye shi, ku sake tambaya. In kuma marar lafiya ya ce zai ba ku amanar ciwonsa, kada ku karɓa. Na bincika wurin malaman da suka fi ni, babu wanda ya ce mini wannan amana ce da shari'a ta ɗora mini riƙewa.

Bayan sadakar arba'in, mutane sun watse, Usmanu ya same ni a makarantata da la'asar. Ya rame ƙwarai. Ya ce tun rasuwar bai samu natsuwa ba, yana tunanin barin aikin ma. Ya ce shi ne sila. Likita ya yi tambaya a fili, shi ya nannaɗe ta da ladabi har ta zama gaisuwa. Sannan ya ce, "Baba Malam, ku gahwarce ni, tambaya ɗaya. Ranar nan a Yamai, kun sani?"

Ina iya cewa Allah ne masani, kuma da ya karɓa ya tashi. Na ce, "Na sani. Tun kahin ƙaramar salla. Ranar gona ma ina wurin."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce, "Hadiza na ganin laihina ne. Ba ta hurta ba, amma ina gani. Ni ba ni gaya mata. Ku za ku gaya mata."

Na yi kwana huɗu ina ɗagawa. Ran na biyar na hau mota zuwa Ƙonni. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa. Na gaya mata duka, tun daga gindin bedi har barandar Abijan, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Allah Shi yahe muna baki ɗaya, Baba." Ta koma ta ɗauki rariyarta.

Aurensu ya zauna lafiya, Usmanu bai bar aiki ba, na gode wa Allah da wannan. Shekara huɗu ke nan. Kowace salla Hadiza takan zo ta gaishe ni a durƙushe, da goro da turare, babu abin da ta rage na ladabi. 'Ya'yanta maza biyu sun isa allo bara. Duk zuri'ar mahaifinmu a hannuna suka fara karatu. Su wurin wani malami ta kai su, can Ƙonni, kuma ban tambaye ta dalili ba.

Allah Ka jiƙan Alhaji Ada, Ka ba marasa lafiya lafiya, ni kuma Ka yafe mini shirun da na yi.